Inci Shida

A nan yankin Chaco ruwan sama ba ya tambayar kowa ko yana da uzuri. Daga gonar Don Optaciano, wanda ake kira Tano, zuwa bakin kwalta kilomita sittin da biyu ne na hanyar ƙasa. Da rani tafiyar awa ɗaya da rabi ce, da damina kuwa sai abin da Allah ya yi. Bara kwana ashirin da uku suka yi a kulle, shi da matarsa Ña Brígida, daga su sai shanu da sauro. A cikin kwanakin nan ne yayarta Eusebia ta rasu a gari. A rediyo suka ji, an saƙala sanarwar tsakanin cigiyar wata saniya da gaisuwar wani soja ga budurwarsa. Kafin hanya ta tsane an binne ta, an yi addu'ar kwana tara, har furannin kan kabarin sun yi yaushi.

Brígida ba ta yi masa hayaniya ba. Da ma ta yi, da ya san yadda zai tare. Suna dawowa daga ziyarar kabarin ta ajiye jakarta, ta cire takalmi, ta ce, "Tano, na gama damina a gidan nan."

Ya ɗauka zafin rashi ne, zai huce. Sai ga labari cewa 'yarsu tilo, Zunilda, wadda ke aure a gari, tana da ciki, kuma haihuwar za ta faɗo a tsakiyar ruwa. Tun daga ranar Brígida ta fara ninke kaya a hankali, yau zane biyu, gobe riga ɗaya, ba ta ɓoyewa ba ta kuma nunawa. Zunilda tana da ɗaki a bayan gida, har an yi masa fenti.

Tano mutum ne da zai kayar da bijimi shi kaɗai, amma shekara talatin da huɗu da aure bai san inda ake ajiye gishiri a gidansa ba. Kuma ba gishirin ne damuwarsa ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda namiji mai furfura ba ya iya furtawa. A kan hanyar nan tasu ya san mata uku da suka tafi gari jegon 'ya'yansu, har yau ba su dawo ba. Ya san mazajensu kuma. Yana ganinsu suna cin abinci a tsaye daga cikin tukunya, suna hira da karnuka.

Wata safiya suna shan tereré, shayinmu na ruwan sanyi, a ƙarƙashin rumfa, ya zuba ruwan sanyi a kan ganyen, ya miƙa mata ƙahon da ake sha a ciki da bututu, ya ce, "Tsohuwa, ni na gane. Ba gonar kika tsana ba, kullen kika tsana. In na cire kullen fa?"

"Da me za ka cire shi? Da haƙori?"

"Da waccan."

Ta juya ta dubi tsohuwar a-kori-kurarsa, wadda kaji suka mayar wurin shan inuwa. "Waccan? Wadda ko kududdufin agwagi ta gani sai ta tsaya shawara?"

"Ɗaga ta zan yi. Ranar da Zunilda ta kira, ko sama ce ta tsage, zan kai ki. Ki yi kwana arba'in ɗinki, in je in ɗauko ki."

Ta zuƙe ruwan har bututun ya yi ƙara, ta mayar masa da ƙahon. "To, ɗaga mu gani."

Shi a wurinsa alkawari ta yi. Duk wanda ya san Brígida zai gaya maka ba ta ce komai ba, amma mutumin da ya ƙagu ko tari aka yi masa sai ya ji kamar an ce i. Ya sayar da bajimai, ranar Litinin ya kama hanyar gari.

Garejin Wenceslao yana bayan kasuwar dabbobi. Wenche ake ce masa, ƙaton mutum mai tumbi, babu rabin ɗan yatsansa ɗaya, jak ne ya cinye tun yana saurayi. Ya fito daga ƙarƙashin wata tarakta yana goge hannu.

"A'a, Don Tano! Ashe wannan gyatumar tana numfashi har yanzu? Na zaci ka daɗe da mayar da ita akurki."

"Ta girme ka, kuma ta fi ka lafiya. Ɗaga min ita nake so ka yi."

"Ɗagawa kamar yaya? Ɗagawa iri-iri ce, maigida. Zo ka gani."

Wenche yana da ɗabi'ar jera kaya a ƙasa kamar mai tallar kifi. Ya fara jawo wasu dunƙulen ƙarfe guda biyu ya tura su da ƙafa. "Waɗannan a cusa su tsakanin sifirin da aksul, a sa zobba a gaba. Inci biyu, aikin yini ɗaya. Mota ta yi tsawo amma ƙashinta na jiya ne. Na samari ne masu son 'yan mata su ɗaga kai in sun wuce. Kai ka wuce nan, ina fata."

Sai ya dafa sifirin motar, faffaɗan ƙarafan nan da aka jera bisa juna. "Ko kuma in kwance waɗannan, in sake lanƙwasa su, in ƙara ganye ɗaya, in sa maka dogayen shok masu laushi. Inci biyu da rabi. Za ta ɗauki kaya, ba za ta girgiza maka hanji ba. Da motar tsohuwata ce, wannan zan yi mata."

"Wancan kwalin fa?"

Wenche ya yi kamar bai ji ba. Da Tano ya sake tambaya, ya ja tsaki ya buɗe. Kaya ne daga Brazil, sababbi fil, fentinsu ja yana ƙyalli: sifirin masu kauri, shok tsawon hannun mutum, da ƙarafan gyara sitiyari. "Inci shida. Wani yaron Bature ne ya sa aka kawo, ubansa ya gani ya ce sai dai bayan ransa. Bari in nuna maka wani abu kafin idonka ya rufe."

Ya ja shi suka durƙusa, ya ƙwanƙwasa da sifana tulun ƙarfen da ke tsakiyar aksul na baya, dogon ƙarfen nan da ke haɗa tayu biyu. "Ka ga tulun nan? Shi ke fara cin laka. Ko saman bishiya ka kai jikin mota, tulu yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi."

"To sai ka sa manyan tayu."

"Manyan tayu ba za su shiga ba sai..." Wenche ya gane da bakinsa ya haƙa wa kansa rami.

"Sai da inci shida," in ji Tano, yana murmushi karo na farko a watan.

"Haba Don Tano, kamar ba a nan aka haife ka ba! Lakarmu ba zurfi ne matsalarta ba, sulɓi ne. Sabulu ce. Doguwar mota a kan sabulu kuwa rawa take yi. Wa ma zai riƙa hawa?"

"Ni da matata."

"Ña Brígida? Da gwiwoyin nan nata?"

Tano yana can yana shafa haƙoran wata taya da ke jingine da bango, masu zurfi kamar na tarakta. Maganar ta wuce ta bayan kunnensa.

"To na ji," in ji Wenche. "Sandar Crispín fa? Tsallake ta za ka yi?"

Nan kam ya ji, don ba wanda ke zaune a kan hanyar ƙasa da bai san sandar ba. Hanyar ba ta gwamnati ba ce. Gidaje goma sha tara ne suka tara ƙasa suka yi ta, su ke gyaranta, kuma ta nan motar madara ke shiga ta kwashi abin da suka tatsa. In ruwa ya sauka, Crispín mai gadin bakin kwalta yana sauke sanda: ba shiga, ba fita, sai ƙasa ta tsane. Hanyar da aka bari ta huta, kwana biyu bayan ɗaukewar ruwa ta warke. Wadda aka taka da ɗanyenta kuwa, sawun taya ya zama kwata, ruwa ya kwanta a ciki, sai a yi kwana goma ba a bi ba. Wanda duk ya taka, motarsa tana kwana a gindin sanda har hanya ta bushe, sannan ya bi bayan tarakta da shebur ya cike abin da ya tona. Tano yana wurin da aka yanke wannan, shekara goma sha biyu da suka wuce. Kai, sandar ma shi ya saro ta daga dajin gonarsa.

"Crispín ne ya riƙe Zunilda ranar baftisma," ya ce. "Ba zai tsare ni a kan haihuwarta ba."

Wenche ya dube shi, ya dubi kwalin, ya ɗaga kafaɗa. "Motarka ce. Amma in an tambaye ka, ka ce na faɗa."

Ranar Juma'a ya shigo gida da ita, kaji suna watsewa, karnuka suna haushin abin da ba su gane ba. Gaskiya ta yi kyau. Ta tsaya a tsakar gida ƙerere, gindin ƙofarta daidai ƙugunsa. Ya diro, ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar kamar direban gwamna.

"Ranki ya daɗe, a hau a ɗana."

Brígida gajeruwa ce mai jiki, kuma shekarun durƙuson tatsa sun gama da gwiwoyinta. Ta zo ta tsaya, kujerar tana daidai ƙirjinta. Ta ɗaga ƙafa, ƙafa ta tsaya a rabin hanya. Ta kama ƙofa ta ja jiki, ta dawo. Ya sa kafaɗa zai tura ta daga baya, ta make masa hannu.

"Kai, ni buhun masara ce? Sake ni!" Ta ja da baya tana haki. "Sannu da aiki, Tano. Ka yi min motar fita, wadda ba na iya shiga."

Ya shiga rumfar kayan aiki, yini biyu ana jin zarto da guduma. Ya fito da 'yar matakala mai hawa biyu, ta icce mai nauyi, ya goge ta sumul, ya yanka mata wurin riƙewa a sama. Da ita Brígida ta hau, aka zagaya da ita har bakin tafki aka dawo, tana riƙe da ƙugu saboda tsalle. Motar ba ta burge ta ba, amma matakalar ta shiga ranta. Ta kai ta kicin, tana takawa ta ɗauko abin da ke saman kanta, tana zama a kai ta fere rogo. "Wannan kaɗai ce abin kirkin da ya fito daga inci shidanka," in ji ta. Shi kuwa ya lura ta daina ninke kaya, sai ya riƙa fito yana zagaya shanu.

Damina ta kankama, sai ga wani ruwa. Ya yi kwana uku yana zuba, ba da ƙarfi ba, irin mai nacin nan da ke jiƙa ƙasa har ƙashi. A gonar ba a samun waya sai an hau saman tankin ruwa, don haka kowace safiya Tano yakan hau da wayar a cikin leda. A rana ta huɗu saƙon surukinsa Derlis ya shigo: an kai Zunilda asibiti tun asuba, tana kiran mamarta, shi zai jira su a bakin kwalta.

Ya sauko yana tsallake matakan tsani. "Tsohuwa, tashi! Rana ta zo!"

Ta dubi sama, ta dubi tsakar gidan da ya zama kunu. "Tano, sanda tana ƙasa."

"Na ce zan kai ki ko ban ce ba?"

Da wata rana ce da ta yi gardama. Amma 'yarta ce ke kira, kuma ta riga ta san ɗacin jin labari a rediyo. Ta shiga ta fito da jaka. Da ya ɗaga zai sa a baya ya ji ta fi nauyin kayan kwana arba'in, amma bai tambaya ba. Ta taka matakala ta hau, ya ɗauke matakalar ya jefa a baya, suka tashi da ƙarfe takwas.

Kilomita goman farko nasa ne. Tayun suna cizon laka suna watsa ta sama, motar tana ratsa wuraren da bara ko doki sai ya yi tunani. "Kin gani? Kin gani ko?" yake ta faɗa, yana dukan sitiyari. Daga nan aka shiga farar ƙasa, sabulun da Wenche ya faɗa. Bayan motar ya fara zuwa inda ya ga dama. In ya murɗa dama ta tafi hagu, in ta faɗa rami sifirin nan masu kauri su cilla su sama, ta dawo ta yi tangaɗi kamar za ta kwanta. Kan Brígida ya bugi ƙofa sau biyu. Ta kama mariƙin sama da hannu biyu.

Sun wuce ƙofar gonar Ña Petrona, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da shanun tatsa takwas. Tana tsaye da buhu a ka, kusa da garewanin madarar da ta jera tana jiran ranar da mota za ta shigo. A hanyar nan ko maƙiyinka ka gani kana ɗaga masa hannu. Tano ya ɗaga. Petrona ba ta dube shi ba, tayunsa take kallo.

Brígida ta leƙa madubi. "Tano, ka ga abin da kake yi kuwa?"

Ya gani. Kwatoci biyu ne suke bin su a baya, miƙaƙƙu, zurfin gwiwa, ruwa yana cika su tun kafin su yi nisa. Ya san madarar Petrona za ta yi tsami a garwa, da ta sauran gidajen. Kunya ta kama shi. Amma babu wurin juyawa, hagu rami dama rami, kuma in ya tsaya tayun za su nutse. Ba shi da zaɓi sai ya ci gaba da tona.

Wajen tsakar rana, a wata kwana, bayan motar ya zame gaba ɗaya. Ta tafi a karkace a hankali, kamar mai neman wurin zama, ta jingina da gefen rami ta ɓangaren Brígida. Injin ya mutu. Tano yana rataye a sama da sitiyari, ita tana manne da ƙofa, ruwan rami yana kallonta ta gilashi. Ba a jin komai sai ruwa a kan rufi. Ta yi alamar gicciye.

"Kin ji ciwo?"

"A'a." Ta sunkuyar da kai. "Tun ɗazu nake son in zaga."

Ya duba. Ƙofarta ba ta buɗuwa. Ta tasa ƙofar kuwa, ko ya jawo ta ta fito, ƙasa tana can nesa, kuma matakala in an dasa ta a lakar nan nutsewa za ta yi. Mace mai shekara sittin, a motar mijinta, ba ta da yadda za ta sauka ta yi abin da ko akuya tana yi in ta so.

"Ki ɗan daure," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Daurewa nake yi, Tano. Shekara talatin da huɗu." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta dubi gilashin da laka ta rufe. "A gida ko ba komai ina iya fita tsakar gida."

Ya fita, ya sari rassa da adda ya cusa a ƙarƙashin tayu, ya tona, ya faɗi, ya tashi. Awa biyu ya yi. Da motar ta yunƙura ta fito, ta bar rami a gefen hanyar da zai binne saniya.

Ƙarfe huɗu saura suka hango sandar, da bukkar Crispín, da baƙin layin kwalta. Can ƙetare wata 'yar jar mota tana tsaye, ƙarama, cikinta kusan yana shafar ƙasa, tsaf da ita. Crispín ya ji ƙarar injin tun daga nesa, ya fito ya tsaya a tsakiyar hanya, siririn tsoho cikin rigar leda. Bai dubi motar ba tukuna. Ya leƙa bayanta, ya bi kwatocin da ido har inda suka ɓace.

"Tun daga gida?" ya tambaya.

Tano ya diro, laka har gira. "Crispín, Zunilda ce. 'Yarka ce ke naƙuda."

"Na sani, mijinta yana nan tun safe. Mai naƙudar tana cikin motarka?"

"A'a, amma..."

"Akwai mara lafiya?"

"Haba ɗan'uwa, yau ni za ka yi wa tambayar 'yan sanda?"

"Kai za ka gaya min abin da zan ce wa Petrona? Da Don Fulgencio da ka sa ya kwana huɗu a nan, a kan sawun kilomita uku?" Shi ma Crispín abin ya yi masa zafi. "Da ka yi magana a rediyo, da an fito da Ña Brígida a keken doki ta gefen ciyawa, gida zuwa gida, yadda aka saba. Da gobe tana gari, hanya lafiya lau. Amma ina, kai ka sayi tsawo. Kawo makulli, Tano. Kai ka sare sandar nan, ba ni ba."

Derlis ya tsallako da gudu, ya cire hula. "Baba, Mama, an sauka lafiya! Mace ce. Tun sha biyu da rabi."

Sha biyu da rabi suna kwance a rami. Tano ya ɗaga kai ya dubi matarsa ta gilashi. Ta rufe ido, leɓenta yana motsi, hawaye yana bin kumatunta. Na murna ne ko na wani abu, bai iya rabewa ba. Ya zagaya ya ɗauko matakala, ya dasa ta a kan tsakuwar gindin sanda, ya buɗe ƙofa. Ta sauko da baya, hawa ɗaya, hawa biyu, ta tsaya ta riƙe ƙofar har ƙafafunta suka yarda da ƙasa. Sannan ta bi ta bayan bukkar Crispín, mazan uku suka juya suna kallon sama kamar masu duba hadari.

Da ta dawo ta wanke fuska. Derlis ya riga ya kai jakar. Ta zo gindin sanda, ta ɗan sunkuyar da kai kaɗan, ta wuce. Abin da ya fi ƙarfin inci shida da tayu huɗu, ita ko durƙusawa ba ta yi ba. Ta juyo, sandar tana tsakaninsu.

"Miƙo min matakalata."

"Ki bar ta a mota mana. Da me za ki hau in na zo ɗaukarki?"

"Kantar Zunilda tana da tsawo. Kuma na saba da zama a kanta."

Ya tsaya da matakalar a hannu. Icce ne da ya saba ɗagawa da yatsa biyu, yau ya ji ta kamar buhun siminti. Yana iya cewa zai ƙera wata, icce bai ƙare a daji ba. Amma ya san ba maganar icce ake yi ba. Ya miƙa ta saman sandar, Derlis ya karɓa.

"Kwana arba'in ko, tsohuwa?"

Ta miƙo hannu ta ɓamɓare busasshiyar laka daga girarsa, ta gyara masa wuyan riga, kamar yadda take yi in za su coci. "In Crispín ya sake ka, ka zo ka ga jikarka. Gishiri yana cikin shuɗin gwangwani, bayan garin masara." Ta juya za ta tafi, ta waiwayo. "Kuma don Allah, Tano, ka riƙa zubawa a kwano. Ka zauna ka ci."

Ta shiga jar motar ba tare da kowa ya taimaka mata ba, zama kawai ta yi kamar a kujerar gida. Derlis ya sa matakalar a kujerar baya, ya ja ƙofa, suka hau kwalta.

Tano ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa, Crispín ya karɓa bai dube shi ba. Gaba sanda, baya kilomita sittin da biyu na aikin da ke jiransa, da gidaje goma sha tara da zai bi ya dubi idon masu su.

"Zo ka sha tereré," in ji Crispín. "Akwai gado biyu a ciki. Za ka daɗe."

"Ina zuwa."

Ya kama ƙofa ya ja jikinsa sama, ya zauna a bayan sitiyarin motar da ba ta zuwa ko'ina. Ya goge gilashi da hannun riga. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, kwaltar kuma miƙaƙƙiya, ba kwana ba tudu. Daga inda Crispín yake tsaye ciyawar bakin hanya ta riga ta rufe komai, amma daga can sama ana hango ɗan jan ɗigo yana tafiya cikin ruwa, yana ƙanƙancewa.

Crispín ya jira, ƙaho a hannu. Can ya ɗaga kai ya ce, "Sun ɓace?"

"Tukuna," in ji Tano. "Ina ganinta har yanzu."